Mai Nono Ta Tashi da Hantsi

Fatihu ya dawo daga karatu yana ganin ƙuri'ar raba-gardama kan burtali ba za ta jawo rikici ba. Manoma sun yi rinjaye, za a toshe hanyar shanu, shi ke nan.

Sai ga wata dattijuwar Bafulatana a kasuwar Bafarawa, siririya, zanenta ya koɗe. Tana zaune gefen mai fura, da alama sun daɗe suna ciniki tare, amma yau ba mai kallon wata. Idonta na kan samarin da ke taruwa da sanduna. Tun hantsi take rufe ƙwaryarta da faifai, nono cike. Wataƙila jikoki ta baro a ruga.

"Inna, za ki dawo kasuwa mai zuwa?" Fatihu ya tambaye ta.

"Ɗana, tambayi masu ƙuri'a. Ni ba wanda yat tambaye ni."