Motar Rasha a Gonar Awali

A bayan tirela aka kawo ta, da hantsi, ɗaure da sarƙa. Ina kwance ƙarƙashin injin ban ruwa na ji ma'aikata suna dariya a bakin ƙofar gona. Na fito ina goge hannu, na gan ta, sai na nemi inda zan zauna.

Mai ƙafa shida ce, doguwar hanci, fentinta ya ƙone ya koma launin ƙasa. Kafilinmu, mai gonar da muke aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya tsinto ta a tashliha, can inda ake jibge matattun motoci. Ya ce ta sojan Yaman ta Kudu ce, daga Rasha ta zamanin gurguzu aka kawo musu. Ƙasar da ta ƙera ta ta rushe, ƙasar da ta saya ma babu ita, amma ita tana nan. Yashin ƙarshen gona yana cinye masa ƙananan motoci lokacin yankan dabino, shi ya sa yake son ta.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, ni da Kawu.

Kawu ba ɗan'uwana ba ne, haka dai nake kiransa, shi kuma Usta yake ce mini, don ni ne makanikin gonar. Tsoho ne daga Cadi kamar ni, shi ke hawa dabino yana yi masa barbara. Shekara ashirin muna cin abincin rana a faranti ɗaya a gindin katangar gabas. Matata ta tafi tun tuni, ɗana yana unguwar Bani Harisa, in na yi masa Hausa Larabci yake mayar mini, in ma ya ɗauki wayar. Kawu ne ya yi mini alkawari, in na riga shi, shi zai wanke ni da hannunsa ya raka ni maƙabartar Baƙi'a. Abin da na tara a ƙasar nan ke nan. Ba gida, ba mota, alkawarin tsoho ɗaya.

Akwai labarin da Kawu yake bayarwa, ba kullum ba, sai zafi ya yi zafi. Lokacin yaƙi can gida aka kwashe mazan garinsu a irin wannan mota, aka rufe su da tamfol, kwana biyu ba ruwa. Ƙaninsa a cinyarsa ya cika. Suka yi ta dukan bayan kan motar da hannu, ba a tsaya ba. Kuma kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa. "Direban nan bai ji ba, Usta. Injin motar ƙara gare shi. Ni na yafe masa tuntuni, bawan Allah bai ji ba."

Ni kuwa sai in ce, "Allah ya jiƙansa," in ci gaba da cin shinkafata.

Ban taɓa gaya masa na tuƙa irinta ba. Ina da shekara goma sha tara aka kama ni a tasha aka sa mini kaki, don na iya sitiyari. Wace runduna ce, ba zan faɗa ba, duk ɗaya suke. Shekara uku na yi, na gudu, na bi ta Sudan, na zo umara na zauna. Ko motata ce ta ɗauki su Kawu, ban sani ba. Motocin da yawa, garuruwan da yawa, kuma ba a gaya wa direba sunan gari.

Sati guda motar tana tsaye jikin katanga. Kafili ya kawo makanikai biyu daga cikin gari, suka sa sabon batir, suka wanke kafireto, suka murɗa makulli har suka gaji. Ko tari ba ta yi ba. Ni ina kallonsu daga nesa, na san abin da suka rasa, na yi shiru. Kurciyoyin gonar nan a kan komai suke sauka, har kan jakin maƙwabta, amma sati guda ban ga ɗaya a kanta ba. Wataƙila zafin ƙarfen ne.

Rana ta takwas kafili ya same ni. Ya ce, "Kai ba makaniki ba ne? Ko dai cin shinkafar kabsa kawai ka iya?" Ma'aikata suka yi dariya. Ya ce in ba zan iya ba, akwai masu iyawa da ke jiran biza.

Na hau. Warin ne ya fara tarbata, man fetur da tsohuwar roba da wani abu a ƙasansu wanda ba ya fita ko an shekara ana wankewa. Bayan kujera maƙalan bindiga guda biyu suna nan, fatar da ke jiki ta bushe. A ƙasan kujerar gefe na ga kwanson harsashi ɗaya ya yi kore. Ban yanke shawarar komai ba, wallahi. Hannuna ne ya tafi da kansa inda makunnin batir yake a ɓoye, ya murɗa. Na ja cok, na taka totur sau biyu, na danna abin tayarwa da ƙafa, don ba da makulli ake tayar da ita ba. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya rufe dabino uku.

Ma'aikata suka yi ihu suna tafi. Da hayaƙin ya washe na ga Kawu tsaye da igiyar hawansa a kafaɗa, yana kallon hannuna, ba fuskata ba.

Da rana muna cin abinci ya ce, "Usta, a ina ka koyi wannan?"

Na ce, "A gareji, a Anjamena."

"Gareji."

"Gareji mana. Ko ka ɗauka a Jami'ar Musulunci na koya?"

Ya yi 'yar dariya. Ya tura mini tsokar kaza gefena kamar yadda ya saba, don haƙoransa sun ƙare.

Daga nan ni ne direbanta, don ba wanda ya iya sa mata giya. Sai ka taka kuloci sau biyu, ka ba ta wuta a tsakani, in ba haka ba ta yi ta ƙara kamar ana yanka ta. Sitiyarinta kuma sai ka sa ƙirji. Tana shiga yashin ƙarshen gona kamar kan kwalta, kafili har hoto yake yi mata.

A sati na biyu na fara jin bugun. Da azahar ne, rana tsaka, ina dawowa ni kaɗai daga kai taki. Dum, dum, dum, a bayan kaina daidai. Ba da ƙarfi ba, irin na hannun da ya gaji. Ban tsaya ba sai da na isa rumfa. Na zagaya, bodi fayau, sai wata sarƙa tana lilo. Na ce ita ce. Na ɗaure ta da waya. Washegari na sake ji. Na cire sarƙar gaba ɗaya na jefar bayan katanga, na ɗaure kowane noti da ke bodin nan, na cusa tsohuwar roba tsakanin bodi da kai. Rana ta uku ma na ji. Sai na daina dubawa. In ya fara sai in ƙara wuta, kamar yadda nake yi a da, lokacin da hafsa yake zaune a gefena da bindiga kalash a cinya yana cin gyaɗa.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Na je Harami na yi sallah, na sha zamzam, na dawo, motar tana nan inda na bar ta.

Da yankan dabino ya zo, aikin ya koma yadda ake yi kowace shekara. Mota tana bin layi a hankali, mutum ɗaya a bodi, in an zo inda aka tara kwanduna sai ya bugi kan mota, direba ya tsaya a loda. Haka ake yi a duk gonakin Awali, ba wanda yake ihu a wannan zafin. Da ma wani ɗan Bangaladash ne yake hawa bodin. Ranar nan Kawu ya ce shi zai hau, gwiwarsa ta hana shi bishiya.

Na ce, "Kawu, rana za ta kashe ka a can. Shigo gaba."

"A baya zan zauna."

"Bodin nan kasko ne fa."

"Na san shi," ya ce. Ya kama ƙarfe ya hau, ya ƙi a taimaka masa.

Muka yi layi uku. In mun zo kwanduna yana buga rufin da sanda, kwas, kwas, in tsaya. Muka gama, na juya za mu koma rumfa ta doguwar hanyar yashi. Nan ba kwando, ba kowa, na sa giya ta uku na ba ta wuta sosai, injin yana ruri har haƙorana suna rawa.

Sai na ji dum, dum, dum. Da tafin hannu, a hankali, a bayan kaina.

Da ni kaɗai ne da na ƙara wuta. Amma tsoho ne a baya cikin rana, na ce ko jiri ne ya ɗebe shi. Na taka birki har kwanduna suka zube. Na diro na zagaya da gudu.

Yana zaune a ƙasan bodi, bayansa jingine da kan motar, ƙafafunsa a miƙe. Lafiyarsa ƙalau. Hannunsa na dama yana kan ƙarfen har yanzu. Injin yana ta ruri, ban kashe ba.

Ya dube ni ya ce, "Ashe ana ji."

Na ce, "Kawu..."

"Ko ƙarfi ban sa ba, Usta. Ashe ana ji daga ciki."

Bai tambaye ni gareji ba, bai tambaye ni wace shekara ko wane gari ba. Da ya tambaya da na ce akwai hafsa, akwai bindiga, ina yaro. Duk na tanadi wannan amsar shekara da shekaru, ba a ba ni wurin faɗa ba. Ya sauko da kansa, ya tsince dabinon da ya zube ɗaya bayan ɗaya ya mayar kwando, ya tafi rumfa a ƙafa. Na bi shi a baya da motar a giya ta ɗaya, don hanyar ɗaya ce.

Washegari da rana na je gindin katangar gabas. Yana nan, ya shimfiɗa ledar kamar kullum. Faranti biyu ne a kai. Ya raba shinkafar daidai, ya sa kazar duka a nawa.

Muka ci. Da na kasa haƙuri na ce, "Maganar wankan fa?"

Ya lashe yatsunsa, ya ɗauraye hannu da ruwan gora, ya ce, "Haƙƙin musulmi ne a kan musulmi. Zan yi."

Bai sake ba da labarin ƙaninsa ba. Shekara uku ke nan muna ci a faranti biyu. Motar tana aiki, ba ta taɓa lalacewa ba, kafili yana cewa ba a ƙera irinta yanzu. Da azahar in ina dawowa ni kaɗai ina jin bugun, kuma yanzu tsayawa nake yi. In kashe injin, in sauko, in zagaya in duba bodin, sannan in hau in tafi.