Ɗangiwa Mai Rumfar Jirgi

Ɗangiwa mai baibaya ne. A Kebbe, in jinkar ɗaki ta soma zuba, shi ake aika wa. Ba shi da yawan magana, kuma in ya ɗaura ciyawa ba a sake duba bayansa.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai, tsuntsayen janbaki suka faɗa wa gero a wajen Fakku. Aka turo ƙaramin jirgin sama na feshi. Ya yi kwana huɗu yana aiki, ran na biyar injinsa ya ƙi tashi a filin da aka share masa a bayan gari. Matuƙin Bature ne. Malam Atiku, ma'aikacin gona daga Tambuwal, shi ke masa tafinta.

Da muka matsa kusa, sai muka ga abin ba ƙarfe ba ne duka. Jikinsa da fuka-fukansa yadi ne, an ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga, an shafe shi da fenti ruwan azurfa. Malam Atiku ya ce fentin ne ke kare yadin, amma in an bar shi a fili ya daɗe, rana za ta ci fentin, ta ci yadin, ya koma tsumma. Ya ce mako uku za a yi kafin kayan gyara su iso.

Mai gari ya sa aka kira Ɗangiwa.

"Ka ji abin da anka ce. Rana ce ba a so."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Na ba ka amana tai."

"In Allah ya so, rana ba ta taɓa shi."

A gaban jama'a ya faɗi haka.

Cikin kwana biyu ya kafa dirkoki, ya ja rumfa mai faɗi, ya yi mata baibaya mai kauri irin ta ɗakin amarya. Sai ya lura rumfa tsakar rana kawai take karewa. Da hantsi haske na shigowa ta gabas ya kwanta a kan fiffike, da la'asar kuma ta yamma. Zana shida gare shi. Kullum bayan asuba sai ya jingina su ta gabas, in rana ta karkata ya kwashe su ya mayar yamma.

Mako uku ya wuce. Damina ta wuce. Muka ji Baturen ya koma ƙasarsu, Malam Atiku kuma an yi masa canjin wurin aiki. Babu wanda ya zo ya ce wa Ɗangiwa ya bari, shi kuma bai tambaya ba. Ya daina zuwa kasuwar Tambuwal. Aikin baibaya in ya yi nisa da gari ba ya karɓa. Da wansa ya rasu a Jabo, sai da ya samu maƙwabcinsa Na'iya ya nuna masa yadda ake jingina zanar sau uku, sannan ya tafi. Kwana ɗaya ya yi.

A rani na biyu fentin ya soma tsagewa, ƙanana-ƙanana, kamar faso a diddige. Ɗangiwa ya daɗe yana kallo. Duk abin da ya sani mai tsagewa don bushewa, fata ce ko salka ko ƙafar mutum, magani ɗaya ake yi masa. Ya shiga gida ya ɗauki ƙwaryar man kaɗe ta matarsa Tambaya.

"Malam, ina zuwa da mai na?"

"Jirgi ya yi faso."

"Ni ga ƙafata nan, shekara goma tana faso, ban ga ka duƙa mata ba."

"Ke ba amana ba ce."

"To mi nike? Tsintuwa?"

Ya fita da ƙwaryar. Ita kuma ba ta hana shi ba. Duk Juma'a kafin masallaci yakan bi fuka-fukan da tafin hannu, a hankali, har man ya shige. Jirgin ya yi sheƙi. Mu ma da muke wucewa mukan yaba.

A shekara ta uku wata babbar mota ta zo da mutum huɗu. Babbansu wani makanike ne, Sambo, ɗan Arewa da ya koyi aikin jirgi. Ba a buƙaci tafinta ba.

Ya gaishe da Ɗangiwa da ladabi, ya shiga rumfar. Ya shafa fiffiken, ya dubi hannunsa, ya sansana. Ya kankari fentin da farce, ya taso kamar ɓawon dafaffiyar gyaɗa. Ya duƙa ƙarƙashin wutsiya, inda ɓeraye suka bi ƙamshin mai suka yi ƙofa.

"Baba, me aka shafa masa?"

"Man kaɗe."

"Tun yaushe?"

"Rani biyu ke nan."

Sambo ya goge hannunsa a wando. Ya ce man ya ratsa yadin har ciki, fentin ya saki, sabo kuma ba zai kama ba. Ya ce babu matuƙin da zai hau shi a haka. A hankali ya yi maganar, yana duban ƙasa.

Ɗangiwa ya saurara har ƙarshe.

"Rana ce tac ci shi?"

"A'a, Baba. Rana ba ta same shi ba ko kaɗan. Ban taɓa ganin inuwa irin wannan ba."

"To."

Suka sa wuƙa suka yage yadin, suka kwance fuka-fukan, suka ɗora sauran a mota. Ɗangiwa ya taya su ɗauka. Shi ya ɗaure igiyar, don ƙullin nasu bai yi masa ba.

Da motar ta tafi ya wanke hannu ya nufi ƙofar mai gari. Ya durƙusa.

"An ɗauki jirgi, ranka ya daɗe. Sun ce rana ba ta ci shi ba."

Mai gari ya riga ya ji komai.

"Madalla," ya ce. "In ka samu sarari ka duba mini jinkar zaure. Tana zuba."

Washegari aka gan shi a fadama yana yankan ciyawa. Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana baibaya. Masu kasuwa suka nemi dirkokin rumfar, ya ce su ɗauka.