Kafaɗun Baba

Babana direban tankar yaƙi ne kafin ya yi ritaya ya dawo Keffi. Ni ban taɓa ganinsa da kaki ba. Na buɗi ido na gan shi da singileti yana ba kaji dusa a gidanmu na Angwan Iya. Abin da ya rage masa na soja shi ne kunne ɗaya da ya toshe, sai wani wasa da muke yi ni da shi.

Ya ce mini a cikin tanka direba a ƙasa yake zama, kwamanda a samansa. In inji ya ɗau ƙara ko ihu ka yi ba mai ji, don haka da ƙafa kwamanda ke tuƙa direba: ya taɓa kafaɗar dama a yi dama, ya taɓa ta hagu a yi hagu, ya danne duka biyun a tsaya. Haka yake saɓa ni a wuya mu tafi Gangaren Tudu sayen ƙosai, ni ce kwamanda. Kuma ban yi mulkin adalci ba. Na sha kai shi cikin kwata da gangan, shi kuwa ya shiga abinsa, wai soja ba ya musu. Mama takan ce daga ni har shi ba mai aikin yi.

Tsufa ya zo masa da mantuwa. Ya fara da manta inda ya ajiye hula, ya ƙare da manta ni. In na kai masa kunu sai ya ce, “Na gode, baiwar Allah.” Ni ce baiwar Allah! Haushi yake cika ni, na rasa wanda zan huce a kansa. Kewarsa nake yi alhali ga shi a gabana, kuma ba abin da nake nema illa ya gane ni ko sau ɗaya ne.

Da na ji akwai gidan tarihin sojoji a Abuja inda aka ajiye tsofaffin motocin yaƙi, sai na ɗauki shatar mota. Muka sha cunkoson Mararaba, Baba yana ta gyangyaɗi.

Muka tarar da tankokin a jere a fili, an shafe su da sabon fenti, ƙadangare na shan rana a kan bakin bindigar wata daga cikinsu. Na leƙa cikin ɗaya. Wurin direban bai fi akurkin kajinmu ba, sai warin tsatsa da tsohon mai. Na jawo hannun Baba na ɗora a jikin ƙarfen.

“Baba, ka gane ta?”

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Wa ya bar motar mutane a rana?”

Na zagaya bayan tankar na yi kukana, na share fuska da gefen mayafi. Ina fitowa na hango shi ya miƙe hanya, ya nufi wani rami. Na kira shi, kunnen nan bai ji ba. Na ruga na dafa kafaɗarsa ta dama.

Sai kawai ya yi dama. Bayansa ya miƙe, takunsa ya canza. Na taɓa hagu, ya yi hagu. Haka muka yi ta ratsa tsakanin tankokin, tsoho a gaba, uwar ’ya’ya a baya, masu ɗaukar hoto na kallonmu. Da na danne kafaɗun biyu ya tsaya cak, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “Kwamanda, yau babu kwata ne?”

Na yi sauri na zagayo gabansa. Ya dube ni da fara’a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce, “Sannu, baiwar Allah.”

Tun ranar, in zan kai masa kunu ta baya nake zuwa.