Ƙwaya Biyu Da Na Ba Inna Ranar Suna

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bukkuyum, kuma ni kaɗai ne ɗan boko a gidanmu. Da likita ya ce Inna tana da ciwon suga, sai kowa ya sakar mini ragamar maganinta, na kuwa riƙe gam. Na hana ta sukari, na hana ta zuma, ko rake aka kawo wa jikoki sai na sa ido. Takan yi mini tsiya wai ashe ɗan sanda ta haifa ba ta sani ba. Ni kuma kaina ya kumbura, alhali rabin ilimi gare ni. Na san suga yana hawa, ban taɓa tambayar ko yana faɗuwa ba.

Yayata, wadda ita ce ɗiyar fari a wurin Inna, ta haihu a Gummi, da ƙyar aka lallashi Inna ta yarda za ta je suna. Da na tuna irin masa da alkaki da lemun da ake rabawa, sai na yi dabarar kaina: na ba ta ƙwaya biyu maimakon ɗaya, wai riga-kafi. Ko karyawa ba ta yi ba, na ce ai abinci na can yana jiranta. Abin da na manta, duk da a hannunta na girma, shi ne kunyarta. Matar da ko sunan yayata ba ta faɗi, ina za ta buɗe baki ta ci abinci a gidan suruki? Duk kwanon da aka kai mata sai ta tura wa mata, ta ce ta ƙoshi.

Bayan azahar aka kira ni daga ƙofar gida. Na same ta ta jiƙe sharkaf da zufa, hannunta na rawa, maganarta na sarƙewa. Wata tsohuwa ta miƙo mata kunu mai sukari, Inna ta kai hannu. Wallahi ni na karɓe kofin. Na ce sugan ne ya hau, har na yi mata faɗa a gaban mutane cewa ta ci abin da aka hana ta. Ta dube ni kawai. Muka kwantar da ita wai ta huta, mata suna ta yi mata tofi, har la'asar ta wuce ba ta motsa ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta soki yatsarta, ta duba na'ura, ta ce sugan ya faɗi ƙasa warwas, kuma an daɗe ana kallonta ba a kawo ta ba. Ta ce da an bar ta ta sha kunun nan, da wataƙila da ƙafarta za ta koma gida. Inna ta farfaɗo bayan kwanaki, amma ba ta ƙara gane kowa ba.

Na gane cewa tsananin kulawa ba ya maye gurbin sani. Don Allah, mai jinyar mai ciwon suga, kada ka ƙara ƙwaya da ra'ayinka, kada ka ba shi magani cikinsa wayam, kuma ka sa likita ya koya maka alamun faɗuwar suga tun kafin ka gan su. Ni kullum sai na durƙusa gaban Inna na roƙi gafara, sai ta yi mini irin murmushin da ake yi wa baƙo.