Mushe Ari ya tafi, amma na riga na ba shi haƙuri

Ina cikin buɗe garaji da safen nan ɗana Mustafa ya kira ni. "Baba, Mushe Ari ya rasu." Sai gani na yi na zauna a kan taya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan faɗi abin da bai dace ba. Bayan salati, abin da ya fara fitowa daga bakina alhamdulillahi ne. Don da mutuwar nan ta zo kwana goma da suka wuce, da ta same mu ba ma magana, kuma laifin nawa ne.

Ga wanda bai san shi ba, Mushe Ari tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko ("Mushe" ɗin haka muke kiran malamai a nan), shi ke da ƙungiyar nan da ke haɗa waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, wadda Mustafa yake ciki. Unguwarmu ɗaya tun muna yara. Shi ya yi karatu, ni kuwa aji uku na yi na ga kamar ya isa. Shekara da shekaru shi ke karanta mini takardun ofis. Sai ya ce, "Rubutun nan ƙanana ne, Bukar, kawo in taya ka." Kamar girman rubutun ne matsalata.

Bara suka shirya wasa a kan uba da ɗa. Mushe yana da ƙa'ida: ɗan wasa ba ya ƙago mutum da ka, sai ya je gida ya kalli nasa. Ashe wata guda Mustafa yana nazarina. Ni ina ta murna yaro ya yi hankali, duk inda na juya yana nan.

Ranar wasa na sa babbar riga na zauna a gaba. Sai ga Mustafa ya fito a uban, ni sak a kan dandali! Tafiyata, karkacewar hulata, gyaran muryar da nake yi kafin in fara faɗa. Har yadda nake riƙe jarida kamar ina karantawa. Kalangu na tashi, 'yan amshi na rausaya, jama'a na ta ƙyaƙyatawa. Wani daga baya ya ce, "Wallahi Bukar mai gyaran babur ne!"

Na tashi na fita. A bakin ƙofa na ci karo da Mushe, na ce ya ɗauki ɗana ya tozarta ni a gaban Damagaram. Sauran maganar ba ta maimaituwa. Ya ce, "Koma ka ga ƙarshe."

Ban koma ba.

Shekara guda in na hango shi sai in sauya hanya. Babur ɗinsa kuwa bai daina aiko mini ba. Ni ma ban daina gyarawa ba, sai dai ina yi ina tsaki.

Fanna, matata, ita ta gama da ni. "Baban Mustafa, lakwal ba ka ƙarasa ba, wasa ma ba ka ƙarasa ba. Me ka taɓa gani har ƙarshe?"

Alhamis ɗin makon jiya da la'asar na je inda suke sake gwajin wasan nan, na laɓe a baya. Can ƙarshe kiɗa ya tsaya. Wanda ya fito a ɗan ya durƙusa da buta yana wanke wa uban baƙin mai daga hannu, yana waƙa a hankali. Waƙar na cewa hannun da bai iya riƙe alƙalami ba shi ya saya wa yara shida alƙalami. Mustafa ne ya tsara ta.

Da suka gan ni ina share ido, na ce mura nake yi. Ba wanda ya yarda.

Mushe yana kan kujera, ya rame sosai. Kafin in buɗe baki ya ce, "Bukar, wannan bayan gidan da ka fita ya yi nisa." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe tun a bakin ƙofar. Kai ma ka yafe mini, ya kamata a ce na tambaye ka tukuna."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙan Ari, Ya yalwata masa makwanci, Ya yafe masa yadda ya yafe wa wawa irina, Ya ba iyalinsa da yaran ƙungiyarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko ƙulhuwallahu ƙafa uku ne.

Bari in rufe garaji. Za a yi masa salla, kuma a sahun gaba zan tsaya.