Bishiyoyin Injiniya Panduro

A garinmu Pucallpa babu wanda ya raya daji kamar Injiniya Eleuterio Panduro. Shekara goma sha tara yana tsirar da manyan bishiyoyi, kuma duk a kan tebur ya yi, ƙarƙashin fanka.

Aikin ba wuya. Doka ta ce ba a fitar da katako ƙasar waje sai da takardar da ta nuna inda kowace bishiya ta tsaya kafin a sare ta, da sa hannun injiniyan daji. Masu gumagumai kan sari abinsu inda suka ga dama, galibi inda aka hana, sannan su zo wurin Panduro. Shi kuma ya buɗe taswira, ya ɗiɗɗiga ɗigo a yankin da aka ba su izini, ya ba kowane ɗigo lamba da kauri da tsayi, ya buga hatimi. Da hatimin nan shihuahuaco ɗinmu, itacen da ke dakushe zarto, ya zama daɓen gidaje a Sin da Turai. Da shi kuma Panduro ya sami kujerar gaba a coci.

Ana nan sai wani mai saye a Turai ya ce shi kututture yake so a gano masa. Aka tsare kaya a tashar jiragen ruwa, aka turo wata jami'ar hukumar kula da daji, Nelida Sangama, ta ce Panduro ya biyo ta su ga kututturan bishiyoyi arba'in da biyu da ya sa wa hannu. In babu su, a karɓe hatimi.

Kwana biyu suka yi a kwale-kwale. Matuƙin, wani tsoho Don Abelardo Tapullima, ya kashe inji inda na'urar gano wuri ta Nelida ta nuna. Fadama ce iya ganinka, baƙin ruwa da dogayen itatuwan aguaje, wata irin giginyar fadama.

"Mun iso," in ji Nelida. "Lamba ɗaya tana taku ashirin gabanka, Injiniya. Sauka ka nuna mana."

Panduro ya ce, "Ambaliya ce ta rufe kututturan, 'yata. Mu dawo da rani."

"Ai ranin ke nan, Injiniya," in ji Don Abelardo. "Shihuahuaco a cikin aguaje? Nan ko sanda ka kafa, kwanciya za ta yi."

"Tsoho, kai ka yi jami'ar ko ni? Taswira ta nuna kore a nan."

"Kore ne mana! Kada ma kore ne."

Panduro ya dubi alƙalamin da ke hannun Nelida, ya naɗe wando ya sauka. Taku uku, laka ta kai masa ƙugu. Ya yi ta lalube da ƙafa, har ya taka wani abu mai tauri.

"Ga shi nan! Rubuta, lamba ɗaya!"

Don Abelardo ya sa ƙugiya ya jawo. Ruɓaɓɓen aguaje ne, ya fashe a hannunsa kamar dafaffen rogo.

"Saura arba'in da ɗaya," in ji Nelida. "Ko mu tsaya haka?"

Suka tsaya haka. Mutum biyu suka jawo shi, ba wando.

An karɓe hatimin a wannan watan. Panduro kan ce wa masu tambaya lafiya ce ta sa ya ajiye aiki, wai daji bai karɓe shi ba. Masu gumagumai ba su yi makokin ko kwana ɗaya ba. Akwai wani injiniya a benen da ke saman ofishin Panduro, kuma an ce shi mai tsantseni ne: kafin ya ɗiga ɗigo sai ya tambayi ina ne tudu.