Ɗan Fari Cikin Bazarar Sanƙarau

Ina tankaɗe a ƙofar ɗakina akuya ta ture kwano a bayan yaron. Bai waiwaya da wuya ba, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar an ɗaura masa sanda. Rariyar ta suɓuce mini.

Ɗana ne na fari. Tun da aka yaye shi yana ɗakin Inna, uwar mijina, kamar yadda ake yi a ƙauyenmu kusa da Guci. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane. Na yi lakwal, wato boko, har aji huɗu na kwaleji a Magaria, an koya mana alamun sanƙarau, kuma a bazarar nan an riga an binne yara a unguwar bayanmu. Duk na sani. Amma abin da bakina ya iya furtawa shi ne yaron nan na Inna kamar jikinsa da zafi. Inna ta ce rana ce, ta jiƙa masa tsamiya, har tana tsokanata wai yaushe na fara ganinsa. Mijina yana Kano. Na yini ina kai da kawowa tsakanin randa da madafa don kawai in leƙa ɗakin.

Washegari motar masu bin sawun cuta ta shigo gari. Wani saurayi daga cikinsu ya tambaye ni ko ina da yara, Inna na tsaye. Na sunkuyar da kai. Har yau ban san abin da ya riƙe mini harshe ba. Inna ta yi dariya ta ce ai wannan ita ma yarinya ce, saurayin ya juya zai fita.

Sai wata dattijuwa ta shigo, gajera, da furfura a gefen kallabi da takalmin roba duk ƙura. Ko kallona ba ta yi ba. Ta gaida Inna, ta tambayi zafi, sannan ta ce, "Hajiya, ina maigidan naki ƙarami? Ko rowarsa ake mini kar in ƙwace?"

"Yana ciki, ragon miji, tun jiya ko cefane bai ba ni ba," in ji Inna.

Dattijuwar ta shiga, ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗaga. Kukan da ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Ta fito da shi a kafaɗa, ta ce wa Inna tana buƙatar mai ƙarfi da za ta riƙe mata ruwa a hanya, ko za ta ba ta aron yarinyar can.

Muna fita gari ta ɗora mini shi a cinya. A hanyar Dungass, ina kuka, ita tana magana a hankali, ina jin don kar in zauce ne. Ta ce lokacin da ta fara wannan aiki babu mace a cikinsa, a amalanken shanu take shiga ƙauyuka, masu gari na tambayarta ina likitan yake. Maza na tsayawa a zaure su ƙidaya abin da aka faɗa musu, ita ce ta fara shiga cikin gida tana tambayar wa ke kwana da wa. Ta daɗe kafin ta gane cewa ƴaƴan fari ne ke ɓace mata a ƙidaya, ta gane ne a bakin kaburbura. Tun daga nan kakanni take tambaya.

A gidan likita suka lanƙwashe shi suka soka masa allura a gadon baya. Ruwan da ya fito kamar tsari, ruwan wankin gero. Ni ma aka ba ni magani, aka ce a sa mini ido. Kwanaki yana sanƙarewa yana saki, idonsa a buɗe bai san ni ba. Na kira sunansa, na yi ta kira, ban damu da wa ke ji ba. Dattijuwar kuwa kullum tana daji, sai la'asar ta leƙo da ƙura har gira, ta taɓa goshinsa, ta taɓa nawa, ta wuce.

Wani hantsi ta zo kafin ta fita. Ta daɗe a kansa, ta tafa hannu kusa da kunnensa don ta ga ko cutar ta taɓa jinsa, ya zabura ya ɓata fuska.

"Ƴata, ya tsallake," ta ce. "Ke ma ba ki ɗauka ba. Ku koma gida."

Na so in yi godiya. Sai kawai na zauna a siminti kusa da shi, motarsu na ta yi mata oda a waje.